Mitar Safe ta Boaz Kumai

Wanda ya san Kafanchan a zamanin da jirgin ƙasa ke tashe ya san Boaz Kumai, in ba a fuska ba to a murya. Ma'aikacin sigina ne a reluwe. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: ya zauna a wani ɗan ɗaki mai warin batir, ya ce wa wannan jirgi tsaya, ya ce wa wancan taho, ya tabbata biyu ba su haɗu a layi ɗaya ba. Haka ya yi ta yi har kansa ya yi fari. Jiragen suka yi ta raguwa kamar haƙoran tsoho, ciyawa ta cinye layin dogo, shi kuma aka sallame shi da takardar yabo da ciwon gwiwa.

Wani in ya bar aiki sai ya koma gonar citta ya huta. Boaz ya koma gonar, hutun ne dai bai iya ba. Kunnen da ya saba da shuuu ɗin rediyo bai yarda da shiru ba. Ya nemi lasisin rediyon sha'awa, irin wanda mutum ke kafawa a gidansa ya yi magana da masu irin ciwonsa, ba don wani ya biya shi ba. Ya ɗaure eriya a kan doguwar gora a bayan ɗaki. Matarsa Yemima ta ce ta ga maza masu burkutu, ta ga masu caca, amma mai hira da gora ba ta taɓa gani ba sai nata. Kowa a wannan harka yana da lambar kira mai tsawo, sai dai a tsakaninsu haruffa biyu na ƙarshe suke faɗa. Shi ne Birabo Kilo, wato B da K a bakin masu rediyo.

Juliyet Delta kuwa Alhaji Jamiluddeen ne, mai sayen citta, ɗan tsoffin 'yan kasuwar garin. Da can maƙwabta ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma a wurin Boaz Alhaji ya kamu da ciwon rediyo. Shekarar da gari ya rikice, kowa ya kwashi iyalinsa ya koma inda nasa suka fi yawa. Boaz ya koma hanyar Madakiya, Alhaji ya koma cikin gari kusa da kasuwa. Babu nisa, ɗan acaba zai kai ka kafin ku gama gaisawa, amma an yi shekarun da ba a yin wannan tafiya sai da babban dalili. Sai suka ware wata mita tasu su biyu, wadda ba mai shiga. Kowace safiya, in Alhaji ya dawo daga masallaci, Boaz kuma ya gama addu'ar safe, sai a ji su suna gardama kan ruwan sama, da wanda ya mutu, da wanda ya haihu, da kuma wanda gwiwarsa ta fi ciwo. Gari ya lafa, hanya ta buɗe, amma ba su daina ba. Boaz ne ma ya ɗaura wa Alhaji rediyo a tsohuwar Fijonsa akori-kura, don in ya shiga ƙauyuka sayen citta ya riƙa kiransa daga can.

Farkon daminar bana Alhaji ya rasu. Boaz ya je ta'aziyya, ya zauna a tabarma cikin mutanen da ba su san me ya haɗa shi da mamacin ba, ya dawo gida ya murɗa rediyonsa ya bar waccan mita. Bai sake komawa ba. Tsoro yake ji, ba wani abu ba: tsoron ya buɗe ya ji shuuu, babu kowa a ciki.

Masu wannan harka suna da al'ada in ɗayansu ya mutu. Sukan taru a layi, babbansu ya kira lambar mamacin sau uku, a yi shiru bayan kowane kira, sannan a ce lambar ta rufu. Kiran ƙarshe suke ce masa. Boaz ne babba, shi ya kamata ya yi. Dogara, tsohon sojan sigina mai bakin tsiya, ya yi ta binsa da maganar. Boaz ya ce sai an gama shuka. Aka gama shuka ya ce sai an gama noma. Aka gama noma ya daina amsawa.

Ana cikin haka, ruwa ya ɗauke an fara tonon citta, wata ƙungiyar masu tsoffin motoci daga Abuja ta shirya zagaye a yankin. Ba tsere ba ne, don motocin sun wuce shekarun gudu. Za su tashi daga Kafanchan su bi ta Madakiya da Fadan Kaje, su sauka daga kwalta su ratsa ƙauyuka, su dawo gari kafin la'asar. Shugabarsu Madam Catherine ta gano abin da kowane ɗan ƙauye ya sani, cewa waya ba ta aiki in an gangara kwari. Sai aka nuna mata gidan Boaz, don shi da ƙungiyarsu ta masu rediyo su riƙa bin sawun motocin.

Bai so ba. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. 'Yan ƙungiyarsu duka ba su cika hannu biyu ba, kuma kusan kowa yana da maganin da yake sha safe da yamma. Amma Dogara ya riga ya amsa da yawun kowa, har ya goge takalminsa na soja.

Ana gobe zagayen, Hajiya Fatimatuzzahra'u, matar marigayin, ta sa aka kawo ta har gidan Boaz, abin da ba ta taɓa yi ba. 'Yarta Kubra, malamar asibiti, ta sa a gyara akori-kurar ubanta ta shiga da ita cikin zagayen, ita da ƙawarta Tamar.

"Malam Boaz, na hana ta, ta ƙi," in ji Hajiya. "Ta ce motar ubanta ta fi na 'yan Abuja sanin hanyar nan. Kai ma ka san yadda dajin nan ya zama yanzu. Na bar ta a hannun Allah, na bar ta a kunnenka."

"Kada ki damu, Hajiya," in ji Boaz. "Kowane mota zan ji shi har ya dawo."

Da safe filin da motocin suka taru ya cika da 'yan kallo. Ga Marsandi mai dogon hanci, ga Bitil kamar kunkuru, ga wata Landiroba da sai an tura ta take tashi, masu su sun sha hular malafa suna ta ɗaukar hoto. A gefe guda akori-kurar Alhaji take, an wanke ta an manna mata lamba tara, amma har yanzu warin citta take yi. Boaz ya bi ta nesa da ita yana raba wa mutanensa oba-oba, ƙananan rediyon hannu. Kubra ce ta hango shi ta taho da sauri.

"Baba Boaz, ina kwana? Ka ga motar Abba? Rediyon ma yana nan, yana kamawa. Ban taɓa komai ba, yana nan yadda ya bar shi."

"To, to, madalla," in ji Boaz, idonsa a kan batirin da ke hannunsa. "Ki tafi a hankali. Birkin motar nan sai an taka shi sau biyu." Ya juya ya shiga yi wa Dogara faɗan abin da bai kai a yi faɗa ba.

Aka ajiye Dogara a Madakiya, Malama Hephzibah a mahaɗar Fadan Kaje, sauran a gadoji da mararraba. Boaz shi ne uwar layi. Ya hau wani tudu a bayan gari, da rediyonsa guda, da batirin mota, da gorar eriya, ya zauna a ƙarƙashin ɗorawa. Dokarsa ita ce ta reluwe, kuma ya karanta musu ita tun da safe kamar masu zuwa makaranta: mai layi ba ya barin layinsa, kuma ba a rufewa sai motar ƙarshe ta shigo.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka aikin akwai daɗi. Babu komai a ciki sai maimaici. Lamba uku ta wuce Madakiya, an ji. Lamba biyar tana hayaƙi, an ji. Lamba biyar ta daina hayaƙi, ta daina tafiya kuma, an ji. Wani mai Marsandi ya sa a tambayi inda ake sayar da ruwan sanyi. Rana ta raba, inuwar ɗorawa ta gudu ta bar shi, bayansa ya ƙage. Yana ta daurewa yana tunanin wannan ne na ƙarshe, daga yau zai kwance gorar nan ya ba Yemima ta yi shanya da ita.

Wajen azahar Hephzibah ta ce lamba tara ta wuce Fadan Kaje, 'yan matan suna ɗaga mata hannu. Tasha ta gaba ba ta ce komai ba. Boaz ya jira, don ya san motar ba mai sauri ba ce. Lamba goma ta wuce waccan tasha, sha ɗaya ta wuce, har Landirobar da ake turawa ta wuce. Ya tambaya, aka ce ba a ga tara ba. Motar kanikawa da ke bin bayan kowa ta ratsa hanyar kaf ta iso gari, ba ta ga kowa a gefen hanya ba. Aka kira wayar Kubra, aka kira ta Tamar, duk ba sa shiga. Dogara ya tura 'yan acaba suka bi hanyar suka dawo hannu banza.

Boaz ya yi lissafi. In ba sa kan hanyar zagaye, to sun ɓace cikin hanyoyin gona, kuma waɗannan hanyoyi sun fi gashin kai yawa. Ba wuri ne da ake so magariba ta riski mata biyu ba, kowa a layin ya san haka, shi ya sa babu wanda ya faɗa.

Bayan la'asar muryar Madam Catherine ta shigo ta oba-obar da aka ba ta. Ita ma ta gaji, an ji a muryarta.

"Oga Boaz, mun sanar da jami'an tsaro, sun ce za su fita. Mutanenka tsofaffi ne, tun safe suna rana. Ka sallame su su zo su ci abinci mana."

"Madam, mota ɗaya yana waje," in ji Boaz. "Ba a rufe layi in mota yana waje."

Babu wanda ya bar tasharsa. Sai dai zaman nasu bai ƙara komai ba. Boaz ya yi ta zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ko an ga tara, ba a gani ba, ya sake daga farko, har muryarsa ta dushe.

A haka Yemima ta same shi. Ta hau tudun tana haki, da kular faten acca a hannu, tana yi wa gwiwoyinta da mijinta faɗa tare. Ta ajiye kular ta tsaya tana jin kiran da yake yi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Baban Asher, ba kai ka sa rediyo a motan Alhaji ba?"

"Ni ne."

"A wane layi yake?"

Ya mayar da idonsa kan rediyo.

"Na tambaye ka. Yarinyan nan ya san yadda ake canja layi? In ya ɗauki abin magana, ina muryan zai je?"

"Rediyo ɗaya ne a nan," in ji Boaz da zafi. "In na canja, wa zai riƙe layin zagaye? Mai layi ba ya barin layi. Ke ba ki san aikin nan ba."

"Ban san aiki ba, amma na san ka," in ji Yemima. "Tun damina kana zagaye layin nan kamar kabari. Yau ba ranan tsoronka ba ne. 'Yar mutane yana daji."

Maganar ta same shi inda ba ya so. Tun safe Kubra ta gaya masa da bakinta cewa rediyon yana nan yadda ubanta ya bar shi. Ya ji sarai. Tun azahar abin yana taɓa shi a gefen zuciya, yana ture shi da dokar reluwe, don dokar ta fi sauƙin riƙewa. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa tsoho ya ji tsufansa gaba ɗaya.

Ya danna abin magana. "Dogara, ka riƙe layi. Zan fita."

"Ka fita? Kai?" in ji Dogara. "Ina za ka?"

"Ka riƙe kawai."

Hannunsa ya san hanya, ko dubawa bai yi ba. Ya murɗa, sai ga shuuu ɗin da ya yi wata da watanni yana gudu, daidai yadda ya zata, babu kowa a ciki. Ya buɗe baki zai ce lamba tara, ko ya ce Kubra, amma bakin da ya yi shekaru yana faɗin abu ɗaya a wannan mita bai nemi shawararsa ba.

"Juliyet Delta, Juliyet Delta, Birabo Kilo ke kira."

Ya saki maɓalli. Shiru.

Ya sake kira. Shiru. Yemima ta zauna a kan dutse ta rufe bakinta da gefen zani. Sai a lokacin ya lura da abin da yake yi: ya kira sau biyu, an yi shiru sau biyu, saura ɗaya. Abin da ya ƙi yi tun damina ga shi yana yi a kan tudu, ba taro, ba Dogara. Ya ji kamar ya ajiye abin ya gangara gida. Amma ya kira na uku.

Aka yi ƙarar-ƙarar, sannan wata 'yar siririyar murya ta fito daga ƙarƙashin shuuu ɗin, tana yankewa.

"Baba Boaz? Baba Boaz, kai ne?"

"Ni ne, 'yata. Kuna lafiya? Ina Tamar?"

"Lafiya lau muke, tana nan. Mun saki hanya, sai na bi wadda Abba ke bi da ni ina ƙarama. Fambel ɗin inji ya tsinke. Muna bakin rafin da yake tsayawa ya yi alwala, mai gadar katako."

Boaz bai taɓa taka wurin ba, amma ya san shi kamar tsakar gidansa. Daga nan Alhaji ke kiransa duk ranar sayen citta, yana cewa ruwan ya fi na famfon gari daɗi, yana kwatanta masa hanya ko ba a tambaye shi ba.

"Na gane wurin. Ku shiga mota ku rufe ƙofa. Kada ki ƙara magana, batir ya kusa mutuwa. Yanzu za a zo."

"To, Baba." Ta saki maɓalli, sai kuma ta sake dannawa. Ba faɗa take yi ba, gajiya ce kawai a muryarta. "Tun azahar nake kira. Tamar ta ce babu mai ji, na ce mata akwai. Abba ya ce a wannan layin ko kowa bai ji ba, Birabo Kilo yana ji."

Boaz ya riƙe abin magana a bakinsa, bai danna ba. Babu abin da zai ce wanda zai mayar da azahar. Da ƙyar ya ce, "Na ji yanzu," ya koma layin zagaye.

Ya kwatanta wa Dogara hanyar, Dogara ya hau bayan acaba da takalminsa na soja, motar kanikawa ta bi su. Boaz ya yi ta kai da komo tsakanin mitoci biyun, yana buɗe waccan ya saurara ko da ya hana ta magana. Rana na daf da faɗuwa Hephzibah ta ce lamba tara ta fito kwalta da ƙafafunta, an ɗaura mata sabon fambel. Da aka ce ta shiga gari, Hajiya tana tsaye a bakin filin, Boaz ya zagaya tashoshi ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu godiya.

Dogara ne na ƙarshe. "Birabo Kilo, kowa yana kan layi har yanzu," in ji shi, a hankali, ba irin muryarsa ba. "Ko za mu yi wa Alhaji kiran nan yau, mu huta?"

"Na yi," in ji Boaz. "Sau uku na kira. An amsa. Ba a rufe lamba da ya amsa."

Dogara bai yi gardama ba, karo na farko a rayuwarsa.

Faten ya huce tuni. Boaz ya ci loma biyu don kada a yi masa faɗa, ya kwance eriya, ya naɗe waya. Yemima ta ɗauki gorar ta saɓa a kafaɗa, ta tambaye shi ko har yanzu ita ce za ta yi shanya da ita, don ta sha jin yana faɗa. Ya ce ta kai bayan ɗaki dai, zai ɗaure ta kafin ya kwanta. Kafin ya kashe rediyon ya murɗa shi ya mayar kan mitar safe, ya bar shi a nan. Sannan ya ɗauki batirin ya bi bayanta, suna gangarawa a hankali, yana tsayawa yana hutar da gwiwa.